BAYANI: Ilimin karanta ƙwayoyin halitta da kwamfuta, da abin da matashin Boɗinga zai iya yi da shi

A bazarar 2017, lokacin da zafi ya tsananta a Arewa maso Yamma, sanƙarau ya shiga gidaje a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Boɗinga na cikin ƙananan hukumomin Sakkwato da annobar ta taɓa. Kafin saukar damina, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 daga cikinsu kuma suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara da matasa.

Abin da ya ɗaure wa iyaye kai shi ne, 'yan shekaru kaɗan kafin nan an yi wa miliyoyin mutanen yankin allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac. Allurar ta yi aikinta, domin an ƙera ta ne don kashe kaifin nau'in A na ƙwayar cutar, wanda shi ne ya hallaka fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996. Wanda ya zo a 2017 nau'in C ne, allurarsa kuma ta yi ƙaranci a duniya a lokacin. Ana tsaka da jimami gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da saɓon Allah da mutane ke yi, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi, muhawara ta koma kan kalaman manya.

Ita kuwa ƙwayar cutar, tun 2013 likitocin ƙungiyar MSF suka ci karo da ita a jihar Sakkwato, suka sake ganin ta a Kebbi a 2014. A 2015 ta kwantar da fiye da mutum 8,000 a Jamhuriyar Nijar. An kai samfurinta ɗakin gwaje-gwaje a birnin Oslo na ƙasar Norway, aka tabbatar sabuwa ce da ba a taɓa rubuta irinta ba, aka ba ta lamba ST-10217. A 2018 masu bincike na can suka wallafa asalinta: kakanninta na zaune ne a maƙogwaron mutane ba tare da cutar da kowa ba, har sai da suka kwaso wasu sassan gado daga 'yan uwansu, ciki har da umarnin ƙera wata riga da ke kare ƙwayar daga garkuwar jikin ɗan Adam. A ƙasar Sakkwato aka fara ganin cutar, a Turai aka karanta tarihinta.

Sana'ar da ta iya wannan karatu ita ce bayo'infomatiks, wato nazarin bayanan ƙwayoyin halitta da kwamfuta. Wannan bayani ya duba mene ne ita, ko ɗalibin da bai samu gurbin jami'a ba zai iya shiga cikinta ta ƙofar difloma, da irin aikin da take kai mutum.

Mene ne wannan ilimi?

Kowane abu mai rai, daga mutum zuwa akuya zuwa gero zuwa ƙwayar sanƙarau, yana ɗauke da rubutaccen umarnin yadda za a gina shi. Umarnin na cikin wani sinadari da ake kira DNA, kuma da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi: A, C, G da T. Cikakken rubutun halitta guda shi ake kira jinom. Na ƙwayar korona, wadda take amfani da wani ɗan uwan DNA mai suna RNA, haruffa kusan 30,000 ne. Na ƙwayar sanƙarau ya ɗan haura miliyan 2. Na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kusan miliyan 23 ne. Na ɗan Adam kuwa ya kai biliyan 3.

Sauyin harafi ɗaya na iya sauya rayuwar mutum. Ciwon sikila, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara a Najeriya, daga nan ya samo asali. A cikin umarnin ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Wanda ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka shi ne SS, wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya shi ne AS.

Babu idon da zai bi haruffa miliyoyi yana neman inda ɗaya ya sauya. Dole sai da kwamfuta, da lissafi, da mutumin da ya san ilimin halitta har zai gane ma'anar abin da kwamfutar ta nuna masa. Haɗuwar waɗannan uku ita ce sana'ar. Masana biyu 'yan ƙasar Holan, Paulien Hogeweg da Ben Hesper, su suka fara amfani da sunan a 1970. A 1982 aka buɗe GenBank, rumbun da masu bincike na duniya ke zuba abin da suka karanta, kowa kuma na iya shiga kyauta. A 1990 aka fitar da manhajar BLAST, wadda ake ba ta guntun rubutun DNA ta nemo masu kama da shi a rumbun.

Abin da ya kawo sana'ar kusa da talaka shi ne faɗuwar farashi. Aikin karanta jinom ɗin ɗan Adam na farko ya ɗauki shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, ya kuma laƙume kusan dala biliyan 3. Yau ana yin irinsa da ƙasa da dala 1,000. Akwai ma na'ura mai suna MinION da ba ta wuce a riƙe ta a tafin hannu ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka, an kuma yi aiki da ita a ƙasar Gini lokacin annobar Ebola a 2015. Na'urori sun yi sauƙi, bayanai sun yi yawa, masu iya karanta su ne suka yi ƙaranci.

Daga ɗakin shan magani zuwa allon kwamfuta

A ɗauka an kawo yaro asibitin karkara a Danchadi ko Dingyaɗi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya. Mataki na farko, ma'aikacin lafiya da ya ƙware zai ɗebi ruwan laka daga gadon bayansa, a zuba a kwalbar da ke riƙe ƙwayar da rai, a rubuta suna da gari da rana. Na biyu, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai shigar da bayanin a manhajar da NCDC ke amfani da ita, ya tura samfurin da gaggawa. Na uku, a ɗakin gwaje-gwaje za a rayar da ƙwayar, ko a tatso DNA ɗinta kai tsaye, a tsabtace shi, a shirya shi domin na'ura.

Na'urar ba ta karanta jinom daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Gutsattsari take fitarwa, dubbai ko miliyoyi, kamar a yayyaga kwafi ɗari na littafi guda a zuba a buhu. Aikin mai bayo'infomatiks daga nan yake farawa. Zai fara tace gutsattsarin da na'urar ta karanta ba daidai ba. Sannan ya sa manhaja ta harhaɗa sauran ta hanyar duba inda ƙarshen wannan ya dace da farkon wancan. Idan rubutu ya haɗu, sai ya kwatanta shi da na sauran ƙwayoyin da ke rumbunan duniya. Game da sanƙarau, akwai tsarin da masana a Jami'ar Oxford suka fitar a 1998, wanda ke duba sassan gado bakwai ya ba kowane iri lambarsa. Ta haka aka gane ST-10217 baƙuwa ce.

Daga ƙarshe zai zana bishiyar zuri'a, wadda ke nuna wace ƙwaya ce ta fito daga wace. Amfanin bishiyar ya fito fili a 2016, lokacin da cutar shan inna ta sake ɓulla a Borno bayan shekara biyu ba a ga ko ɗaya a Najeriya ba. Karatun jinom ya nuna ƙwayar jikanyar wadda aka gani a Borno ce a 2011. Ma'ana ba daga waje aka shigo da ita ba, ta shekara biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi shiga. Wannan sani shi ya nuna inda za a karkata ƙarfi, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in shan inna na daji.

Duk wanda ya bi matakan nan zai lura da abu ɗaya. Idan an rubuta sunan gari ba daidai ba, ko samfurin ya kwana a rana, ko an gurɓata shi wajen tatsa, ƙwarewar farfesan da ke Abuja ko Oslo ba za ta gyara shi ba. Rabin aikin na hannun ma'aikata masu matsakaicin karatu ne.

Me ya sa ake maganar ƙananan kwalejoji?

A Amurka akwai kwalejojin al'umma kusan 1,000, masu karatun shekara biyu, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ke kusa da gidajen ɗalibai. Da yawansu na koyar da fasahar halittu, wasu kuma sun sa darussan bayo'infomatiks a ciki. Wanda ya gama yana iya kama aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Ba a ɗaukar sa a matsayin masanin da zai jagoranci bincike, amma da irinsa ɗakunan gwaje-gwajen ke tafiya.

Najeriya ba ta da kwaleji mai wannan suna, amma tana da makamantanta: kwalejojin fasaha masu ba da ƙaramar difloma ta ND a shekara biyu da babbar difloma ta HND bayan wasu biyun, kwalejojin kimiyyar lafiya, kwalejojin aikin gona, da kwalejojin ilimi masu ba da NCE. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara manhajar karatun kwalejojin fasaha tare da tantance su.

A ƙasar nan galibi ana koyar da bayo'infomatiks ne a matakin digiri na biyu, ko a matsayin darasi guda cikin digirin kimiyyar sinadaran jiki ko na ƙananan halittu. Cibiyoyin da suka yi suna a fannin yawancinsu a Kudu maso Yamma suke. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta taka rawa wajen tabbatar da Ebola a Legas a 2014. A farkon Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan samun mutum na farko mai korona a Najeriya, ita da abokan aikinta suka fitar da jinom ɗin ƙwayar, na farko daga nahiyar Afirka. Jami'ar Covenant da ke Ota ma ta daɗe tana horar da ɗalibai a fannin. A Abuja akwai babban ɗakin gwaje-gwajen NCDC da ke Gaduwa.

Ƙofofin da ke kusa da Boɗinga da Shagari

Garuruwan biyu na kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, don haka makarantun babban birnin jihar ba su yi wa 'ya'yansu nisa ba. Ɗalibin da ya samu kiredit biyar, da suka haɗa da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, yana da hanyoyi kamar haka.

Ta farko ita ce Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato. Kwasa-kwasan da suka fi kusa da wannan sana'a a tsarin kwalejojin fasaha su ne fasahar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wadda ɗalibai ke kira SLT, da kimiyyar kwamfuta, da ilimin ƙididdiga. Kowanne ƙafa ɗaya ce daga cikin ƙafafun sana'ar uku, sai ɗalibi ya nemi sauran biyun da kansa. Ta biyu ita ce Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa, irin kwalejojin da ke yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko. Ta uku ita ce Kwalejin Aikin Gona ta Wurno, ga mai sha'awar dabbobi da tsirrai.

Daga kowace ana iya hawa. Mai ND da sakamako mai kyau na iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun JAMB. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayoyin likitanci da likitancin dabbobi da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, tana kuma da cibiyar binciken lafiya ta CAMRET, wadda ke aiki kan ƙwayoyin halitta. Akwai kuma Jami'ar Jihar Sakkwato.

Akwai gargaɗi biyu da ya kamata a ji tun kafin a biya kuɗin fom. Na farko, a tabbatar hukumar da abin ya shafa ta tantance kwas ɗin da ake so, domin tantance makaranta daban, tantance kwas daban. Na biyu, SLT da aikin gwajin jinin marasa lafiya a asibiti ba abu ɗaya ba ne a idon doka. Masu gwaji a asibiti na ƙarƙashin majalisar MLSCN ce, ita ke ba su lasisi. Masu SLT kuwa cibiyar NISLT da ke Ibadan ce ke yi musu rajista, aikinsu ya fi karkata ga ɗakunan bincike da masana'antu da makarantu. Ɗalibai da dama sai bayan kammala karatu suke gane wannan bambanci.

Abin da ake koya ba tare da jiran manhaja ba

Wannan fanni ya bambanta da aikin tiyata ko tuƙin jirgi ta fuska ɗaya: kayan aikinsa da bayanansa yawanci kyauta ne. Mai wayar hannu na iya buɗe shafin GenBank yau, ya kwafo rubutun sashen gado na HBB, wanda sikila ke shafa, ya zuba a BLAST, ya ga yadda na mutum ya yi kama da na biri ko na akuya. Wannan ne darasin farko da ake bai wa ɗalibai a ko'ina.

Bayan nan sai kwamfuta, ko da tsohuwa ce. Abin da masu ɗaukar aiki ke nema ba ya wuce abubuwa huɗu: iya ba da umarni a rubuce a tsarin Linux, iya ɗaya daga harsunan Python ko R, fahimtar ƙididdiga ta asali, da Turancin da zai ba mutum damar karanta rahoton bincike ya kuma rubuta nasa. Shafin Rosalind na koyar da fannin ta hanyar warware matsaloli daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Dandalin Galaxy na bari a yi nazari mai nauyi a kan manyan kwamfutocin wasu ƙasashe, ba tare da mutum ya mallaki tasa mai ƙarfi ba. Ƙungiyar H3ABioNet, wadda Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town ta jagoranta, ta soma a 2016 wani kwas na share fage kyauta, ana koyarwa ta intanet, ɗalibai na taruwa a azuzuwa a ƙasashen Afirka daban-daban tare da mataimaka na gida. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a ƙarshen 2023, shi ma yana koyar da nazarin bayanai.

Shaidar da ta fi ƙarfi a wannan fage ita ce aikin da mutum ya yi da hannunsa. Ɗalibin da ya sauko da jinom ɗin sanƙarau na Najeriya da Nijar daga rumbun duniya, ya zana bishiyarsu, ya rubuta shafi uku na abin da ya gani, yana da abin nunawa fiye da mai tarin takardun halartar bita.

Wane aiki ake samu?

Gaskiyar magana, ND kaɗai ba ta mayar da mutum masanin bayo'infomatiks. Muƙaman da ke ɗauke da wannan suna yawanci suna neman digiri na biyu ko na uku. Amma akwai matakai a ƙasa da su, kuma su ne suka fi yawa.

Akwai aikin mataimaki a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta, mai tatsar DNA da gudanar da gwajin PCR. Kafin korona ɗakunan da ke irin wannan gwaji a Najeriya 'yan kaɗan ne, annobar ta sa aka buɗe su a kusan kowace jiha, kuma na'urorin na buƙatar masu kula da su. Akwai aikin jami'in bayanai a sashen sa ido kan cututtuka na jiha ko ƙaramar hukuma, inda ake aiki da manhajojin SORMAS da DHIS2. Akwai ayyukan ƙungiyoyin lafiya da ke Sakkwato, kan shan inna da tamowa da zazzaɓin cizon sauro da ciwon noma, wanda ke da asibiti na musamman a birnin tun 1999. Akwai aikin tsabtace bayanai da tsara su ga masu bincike, wanda wani lokaci ake yi daga gida. Akwai kuma koyarwa, wadda bai kamata a raina ba a yankin da ya fitar da Shehu Shagari, malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Wanda ya koyi Python da ƙididdiga saboda DNA, idan aikin DNA bai samu ba, ilimin na nan. Bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati duk suna neman masu nazarin bayanai.

Kasuwar dai tana da hawa da sauka. Kamfanin 54gene, wanda Dakta Abasi Ene-Obong ya kafa a 2019 don tattara bayanan gadon 'yan Afirka, ya tara kusan dala miliyan 45 daga masu zuba jari, ya ɗauki matasa da dama aiki, amma zuwa 2023 ya durƙushe. Shirin H3Africa da ya horar da ɗaruruwan masana, da kuɗin Amurka da Birtaniya ya tafi, wa'adin tallafinsa na shekara goma kuma ya ƙare. Aikin da ya dogara da tallafin waje, ranar da tallafin ya tsaya shi ma yakan tsaya.

Akuya, gero da wake

Ga mutumin Boɗinga da Shagari, gona da garke sun fi asibiti yawan ma'aikata. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira akuyar Maraɗi a Nijar, fatarta ta yi suna a Turai tun zamanin fataken Sahara. Shanun Gudali ma da sunan Sakkwato aka san su. Sanin sassan gadon da ke sa waɗannan dabbobi jure zafi da ƙishirwa shi ne hanyar inganta su ba tare da an ɓatar da irin ba, kuma irin wannan aiki ne cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke buƙatar hannaye a kansa.

An wallafa jinom ɗin gero a 2017, da jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da tashoshi a Kano da Sadore kusa da Yamai. Da irin wannan bayani mai ƙirƙirar iri zai gwada ganyen tsiro tun yana ƙarami ya san ko ya gaji jure fari, ba sai ya jira kaka ba. A Disambar 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T na cibiyar IAR da ke Samaru, wanda aka sanya wa sashen gado daga wata bakteriya don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso. Ana ta muhawara kan irin waɗannan tsirrai a Najeriya. Ko mutum na goyon baya ko yana adawa, jihar da ba ta da wanda zai iya gwada iri ya faɗi abin da ke cikinsa, sai dai ta karɓi abin da aka gaya mata.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce wuta da intanet. Injin sanyaya samfuri ba ya jure ɗaukewar lantarki, jinom ɗaya kuma na iya cinye datar wata guda. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Ɗalibin da karatunsa ke kan intanet, irin wannan mataki tamkar rufe masa makaranta ne.

Ta biyu ita ce rabon kuɗi. Dokar TETFund ta 2011 ta tanadi tallafi ne ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, inda jami'o'i ke ɗaukar rabi, sauran biyun su raba rabi. Kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi, waɗanda ke yaye ma'aikatan da suka fi kusa da marasa lafiya a karkara, ba sa cikin wannan kaso, sai abin da gwamnatin jiha ta ware musu.

Ta uku ita ce bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri a aikin gwamnati. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambancin a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Muddin difloma na ɗauke da tambarin na biyu, iyaye za su ci gaba da ganin kwalejin fasaha a matsayin wurin da ake zuwa idan jami'a ta ƙi samuwa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a Afrilun 2024, ya ɗan sassauta batun kuɗin makaranta, amma bashi ne, ba zai kuma sayi na'urar gwaji ga kwalejin da ba ta da ita ba.

Sauya manhaja dai ba abu ne da ya gagara ba. A 2024 NBTE ta raba HND ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ciki har da ƙirƙirarriyar basira da tsaron intanet. Hanyar da aka bi aka yi wannan, ita za a bi a saka darussan bayo'infomatiks cikin SLT da kwasa-kwasan lafiya da na gona.

Wa ke da bayanan?

Akwai fuskar siyasa da ta wuce batun neman aiki. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin gado tsakanin mutanenta, amma 'yan asalinta ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan binciken gado a kansu ba. Sakamakon haka, gwaje-gwaje da magunguna da dama an auna su ne da jikin wasu.

A gefe guda kuma, ba da bayani na iya jawo wa mai bayarwa hukunci. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona na Omicron da zarar sun gano shi. Ladan da suka samu shi ne rufe musu iyakoki, a Disamba kuma Birtaniya ta saka Najeriya ma a jerin ƙasashen da ta hana shiga. Saboda irin wannan ne ƙasashe masu tasowa suka dage, a yarjejeniyar annoba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Mayun 2025, cewa wanda ya ba da bayanin ƙwayar cuta ya samu rabo cikin allura da maganin da aka ƙera da shi.

A Arewa wannan magana na da tsohon tabo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abubuwan da suka sa mutane ke ɗari-ɗari da duk wanda ya zo ɗibar jini. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta saka bayanan gado da na lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Amma doka na buƙatar wanda zai yi wa uwa bayani da Hausa ko Fulfulde kan abin da za a yi da samfurin ɗanta, inda za a kai shi, da haƙƙinta na ƙin yarda. Ɗan gari da ya san ilimin ya fi baƙo dacewa da wannan aiki.

Abin da za a tambayi masu neman ƙuri'a

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'in sanƙarau biyar: A, C, W, X da Y. Ci gaba ne babba, amma abin da ya faru tsakanin 2013 da 2017 ya nuna ƙwayar na iya sauya riga, kuma wanda ke sa ido ne kaɗai zai gani da wuri.

Matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi na da tambayoyin da za a iya amsawa da alƙaluma. Nawa jihar ta ware wa ɗakunan gwaje-gwajen kwalejojinta, nawa aka fitar a zahiri? Kwana nawa samfurin da aka ɗauka a Boɗinga ko Shagari ke yi kafin sakamako ya dawo? Na'urorin PCR da aka sayo lokacin korona suna aiki, su wa ke kula da su? Akwai yarjejeniyar da ke bai wa ɗaliban difloma damar yin horon sanin makamar aiki a ɗakunan binciken jami'a? Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar yankin, ina matsayinsa kan batun HND da faɗaɗa TETFund?

Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna a garin Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido. Neman ilimin cuta da maganinta tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa. Lokacin sanƙarau kuwa yana dawowa duk shekara, daga hunturu zuwa faɗuwar damina, kuma duk samfurin da aka ɗauka a bana sai an samu mai karanta shi, a Sakkwato ko a wani wuri.